Wanda Aka Yi Wa Ƙage Ya Nemi Hakkinsa

Wasu na ganin kai ƙarar ma'aikacin hukuma rashin tawakkali ne. Ba haka ba ne.

A 1989 'yan sandan birnin Niyu Yok na Amurka suka kama samari 5 bisa zargin fyaɗe, aka ɗaure su. Cikinsu har da Musulmi, Yusuf Salam, ɗan shekara 15. Sai a 2002 mai laifin ya amsa da bakinsa, kotu ta wanke su. Suka kai ƙara, a 2014 birnin ya amince da diyyar dalar Amurka miliyan 41, ko da yake bai amsa laifi ba.

Annabi Yusuf (AS) ma, da manzon sarki ya zo fitar da shi daga kaso, ƙin fita ya yi sai an binciki matan da suka yanke hannayensu tukuna.