Ma'aunin da Ake Auna Talaka da Shi: Ɗan Kasuwa da Manomi a Yerwa

Akwai wata magana da takan fito cikin hira a garin Yerwa, a bakin shago, a gidan biki, wani lokaci har a harabar majami'a bayan an tashi daga sujada. Mai maganar yakan nuna shagunan Ibo da suke cike da kayan gyaran mota da magunguna da kayan gini, sa'an nan ya juya ga iyalan da suka gudo daga duwatsun Gwoza tun 2014, waɗanda da yawansu suke cunkushe a ɗakin haya guda, suna neman aikin yini. Sai ya ce, ai su ma Ibo sun taɓa rasa komai, amma ga shi sun miƙe, to me ya hana waɗannan? Ba a cika faɗin amsar a fili ba, amma kowa ya san inda aka dosa: waɗancan masu ƙwazo ne, waɗannan kuwa sun saba da miƙa hannu.

Maganar ba ƙarama ba ce, domin ba a bakin hira take tsayawa ba. Ita ce takan bi mai gida sa'ad da yake shawarar wanda zai ba haya, ta bi mai shago sa'ad da aka roƙe shi bashi, ta bi iyaye sa'ad da ɗansu ya kawo sunan yarinyar da yake so ya aura. Yara kuma suna saurare, daga nan suke koyon wanda za su girmama da wanda za su rena. Saboda haka ya kamata a tsaya a tambaya: shin daidai ne a ɗora al'umma biyu a kan ma'auni ɗaya, a yanke hukunci a kan halinsu daga abin da ke aljihunsu?

Abin da ke gaskiya a cikin maganar

Ba adalci ba ne a rage wa Ibo ko kaɗan daga abin da suka jimre. Bayan kashe-kashen 1966 a Arewa, dubbai sun bar shaguna da gidaje suka koma Gabas. Yaƙin basasa ya ci daga 1967 zuwa Janairun 1970. Da aka gama, mutane da yawa da suka yi ajiya a banki a yankin Biyafara lokacin yaƙin, fam 20 kacal aka ba kowannensu, komai yawan abin da ya ajiye. Duk da haka suka dawo Kano da Kaduna da Jos da Yerwa, suka sake buɗe ƙofa. A Yerwa ma ba a nan gwajin ya ƙare ba: rikicin Fabrairun 2006 ya ci shaguna da rayuka, shekarun Boko Haram sun kori wasu, gobarar Kasuwar Monday ta Fabrairun 2023 da ambaliyar madatsar Alau ta Satumbar 2024 kuwa ba su tambayi ƙabilar kowa ba. Wanda ya tashi bayan irin wannan faɗuwa ya cancanci yabo.

Kuskuren yana wurin da aka ɗauka cewa asara duk asara ce. Kafin a ce mutum biyu sun rasa komai, sai a fara tambaya, mene ne “komai” ɗin kowannensu?

Dukiyar da take tafiya da mai ita

Babban jarin ɗan kasuwa ba kayan da ke kan kanta ba ne. Jarinsa shi ne sanin inda ake sarin kaya a Onica ko Legas, sanin farashi, iya lissafi, da kuma sunan da ya yi har dillali zai ba shi kaya bashi. Wuta ba ta cin waɗannan. Ga kuma tsarin koyon sana'a da Ibo suka shahara da shi: yaro ya zauna a hannun maigida shekara biyar ko bakwai, in lokaci ya cika a sallame shi da jari ya buɗe nasa. Ga ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da suke tara gudummawa, su ɗauki wanda ya faɗi. Ɗan kasuwar da ya gudu da rigar jikinsa kawai, ya gudu da rabin dukiyarsa ba tare da an gani ba.

Lokacin da suka dawo ma ya taimaka. Jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964, garin ya zama hedkwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, aka kafa jami'a a 1975, kuɗin man fetur na shekarun 1970 kuma ya sa ana gini ana sayayya. A garuruwa da dama na Arewa, wasu sun tarar maƙwabta sun riƙe musu gidajensu amana. Ƙwazo ya yi aiki, amma ya tarar da ƙofa a buɗe.

Dukiyar da ba ta tafiya

Manomin duwatsun Gwoza kuwa, dukiyarsa tana manne da dutse. Glavda da Guduf da Dghweɗe da maƙwabtansu sun mai da gangaren tsaunukan Mandara gonaki ta wurin jera duwatsu hawa-hawa, domin su tare ƙasa da ruwan sama. Aiki ne na kaka da kakanni, kowace shekara ana gyara inda ya rushe, ana zuba takin dabbobin gida, ana shuka dawa da gero da wake. Irin wannan fasaha tana cikin abubuwan da suka sa hukumar UNESCO ta sa Sukur, da ke kan waɗannan tsaunuka a Jihar Adamawa, cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Duk wanda ya taɓa ɗaukar dutse ya hau gangare da shi ya san malalaci ba ya zama a can.

A watan Yunin 2014 aka auka wa ƙauyukan bayan dutse irin su Attagara da Agapalawa, a watan Agusta garin Gwoza ya faɗa hannun Boko Haram. Wasu suka tsallaka Kamaru zuwa sansanin Minawao, wasu suka nufi Yerwa da Yola da Abuja. Sojoji sun ƙwato garin a Maris na 2015, amma ƙwato gari dabam, komawa gona cikin kwanciyar rai dabam. Mutumin da ya san wace irin dawa ce take yi a wane gangare, ya san ranar da ya kamata a fara shuka, ya wayi gari a unguwar da ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa. Iliminsa yana nan, amma babu inda zai sa shi. Kifi a ruwa sarki ne, in an jefa shi a tudu ba a ce ya manta iyo ba.

Mai tambaya zai ce, to ya nemi gona a bayan gari mana. Da yawa sun nema. Amma kisan manoman shinkafa fiye da 40 a kusa da Zabarmari a Nuwambar 2020 ya nuna farashin da akan biya in an yi nisa da gari da fartanya. Ga shi kuma sun iso ne a lokacin da hanyoyin cinikin kan iyaka suka toshe, tattalin arzikin ƙasa ya karye a 2016, tsadar rayuwa ta ƙaru bayan cire tallafin mai a 2023. Ɗayan ya dawo kasuwa tana ci, ɗayan ya iso ana nannaɗe tabarma.

An taɓa yin wannan awo a wata ƙasa

Ba a Yerwa aka fara irin wannan kwatanci ba. A yammacin Amurka, a jihohin Kolorado da Yuta, akwai al'ummu biyu da tarihinsu ya dace da wannan tambaya. Ta farko ita ce ƙabilar Ute, 'yan asalin ƙasar, waɗanda daga sunansu Jihar Yuta ta sami nata. Maharba ne, masu dawakai, masu bin yanayi daga kwari zuwa tsauni. Yarjejeniyar 1868 ta bar musu yammacin Kolorado, amma da aka sami ma'adinai a tsaunukan San Juwan, sai aka karɓe wannan yanki a 1873. A 1879 rikici ya ɓarke da wakilin gwamnati, Nathan Meeker, wanda ya nace sai ya mai da su manoma, har ya sa garma a makiyayar dawakansu. A 1881 aka kori yawancinsu zuwa keɓaɓɓen yanki a Yuta, harkokinsu kuma suka koma hannun jami'an gwamnati.

Ta biyu ita ce Japanawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka. A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ta kwashe kimanin mutum 120,000 daga cikinsu, yawancinsu haifaffun Amurka, ta tsare su a sansanoni, har da na Topaz a Yuta da na Amache a Kolorado. Da yawa sun yi asarar gonaki da shaguna. Amma kafin shekara ashirin su cika bayan yaƙin, 'ya'yansu sun yi fice a karatu da sana'a, har aka riƙa nuna su ana goranta wa sauran marasa galihu. A 1988 gwamnati ta nemi gafararsu, ta kuma amince za ta biya kowane wanda ya rage da rai dala 20,000.

Duka biyun an zalunce su, amma zaluncin ba iri ɗaya ba ne. Tsarewar Japanawa ta ɗauki shekara uku zuwa huɗu. Sun zo daga ƙasar da ta wajabta karatun firamare tun 1872, suna da irin adashensu na tara jari, da aka sake su kuma sun koma cikin tattalin arzikin da yake buƙatar abin da suka iya. Su kuwa Ute, ba shago aka ƙwace musu ba, ƙasar da rayuwarsu duka ta dogara a kai aka ɗauke, ba a kuma mayar da yawancinta ba. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Sa'ad da reshen Ute na Kudu ya karɓi ragamar iskar gas da ke ƙarƙashin ƙasarsa, ya kafa kamfanin kansa a 1992, sai ya zama ɗaya daga cikin ƙabilun asali mafi wadata a Amurka. Jinin bai canja ba. Abin da ya canja shi ne, an sami inda ƙwazon zai kama.

To, ina matsayin ƙwazo?

Kada a ɗauka ana cewa hali ba shi da tasiri. Akwai malalata a kowace ƙabila, akwai kuma masu himma. Zaman sansani na shekaru, inda abinci yake zuwa da kati, yana iya kashe zuciyar mutum, wanda ya ƙi faɗar haka bai yi wa kowa alheri ba. Haka kuma ba kowane Ibo ne mai kuɗi ba, akwai masu fama da kuɗin haya kamar kowa. Ba kuma kowane ɗan Gwoza ne matalauci ba, daga cikinsu akwai malamai da likitoci da sojoji da manyan ma'aikata. Wannan ma wani laifin ma'aunin ne: yana ɗaukar mafi nasara a wannan gefe, ya gwada da mafi rauni a wancan.

Ana iya auna ƙwazon mutum biyu da suka tashi daga wuri ɗaya, da kayan aiki iri ɗaya. Ba a iya karanta halin al'umma daga wadatarta, domin tsakanin hali da wadata akwai ƙasa, da tsaro, da lokaci, da wanda ya yarda ya ba da bashi. Abokan Ayuba sun ga asara suka ɗauka sun ga laifi, aka kuwa tsauta musu. Kuskuren ya daɗe, yana kuma da daɗin riƙewa, domin yana sauke wa mai kallo nauyi. In talaucin maƙwabci laifinsa ne, to babu abin da yake bin kowa.

Abin da ya rage ga iyali

Kwatanci yana da amfani in an juya tambayarsa. Maimakon a ce me ya hana waɗannan, sai a ce me ya taimaki waɗancan, ana kuma iya miƙa shi? Amsar tana nan a fili: koyon sana'a a hannun maigida, jari a ƙarshen koyo, ƙungiyar da take tsaya wa mutum, da maƙwabcin da ya riƙe amana. Babu ko ɗaya a ciki da yake gadon jini. Tun daga 2021 Gwamnatin Borno ta fara rufe sansanonin gwamnati da ke cikin Maiduguri, wannan ya sa makomar waɗanda ba su iya komawa gida ba ta ƙara dogara ga mutanen unguwa.

Mai shago ko makaniki ko tela yana iya ɗaukar yaro ɗaya daga cikin waɗannan iyalai, da yarjejeniya a rubuce da ranar sallama. Mai fili a wurin da yake da tsaro yana iya ba da aronsa na damina ga mutumin da ya fi shi sanin ƙasa. Zumuntar mata tana iya sa gwauruwar da ba ta da mai tsaya mata cikin adashe, ta kuma ba ta ɗauka da wuri. Iyaye kuwa suna iya gyara harshensu a gaban yara, su gaya musu cewa matar da take wanke-wanke a gidansu ta taɓa cika rumbu da hannunta. Su ma waɗanda aka kora suna da nasu nauyin: su riƙe 'ya'yansu a makaranta, kada kuma su ƙi ƙaramar sana'a domin ba ita suka gada ba.

A ranar Lahadi, ɗan kasuwar da manomin sukan zauna a kan benci ɗaya. Ɗaya ya san yadda ake tashi bayan asara, ɗaya ya san yadda ake fitar da abinci daga dutse. Garin da ya sha yaƙi da gobara da ambaliya yana buƙatar ilimin duka biyun, ba zai kuwa same shi ba muddin ana amfani da nasarar ɗaya a matsayin bulalar dukan ɗayan.