Wutar Gidan Wani, Hayaƙi a Gidan Maƙwabci

Kowane mai gida yana da ikon hura wuta a tsakar gidansa. Amma in hayaƙinta ya tsallake danga ya cuci maƙwabci, shin yana da bakin cewa ba ruwansa?

Ran 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta fasa bam ɗinta na atam na farko kusa da Raggan, cikin hamadar Aljeriya. Hujjarta ita ce, manyan ƙasashe suna da irin wannan makami, ita ma tilas ta tsare kanta, hamada kuwa fili ne. Amma akwai mutane a dausayoyin wurin, iska kuma ba ta san iyaka ba. Ƙurar bam ɗin ta kai har Cadi da Afirka ta Yamma.

Ita wannan ƙura tana fid da wani tururi wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Takan sauka bisa ciyawa, saniya ta ci, ya bi nono ya shiga jikin yaro. Wani sashensa yakan taru a maƙogwaro, wani a ƙashi, bayan shekaru ya iya jawo ciwon daji. A Hiroshima, inda aka jefa bam a 1945, sai bayan 'yan shekaru aka ga ciwon dajin jini ya yawaita.

Wani zai ce, ai likita ma da irin wannan tururi yake ɗaukar hoton ƙirji. Gaskiya ne. Amma likita yakan auna shi kaɗan, don amfanin majiyyaci, da saninsa da yardarsa. Makiyayin hamada kuwa ba a shawarce shi ba. Amfanin na wasu ne, hatsarin nasa ne da 'ya'yansa. Nan ne zaluncin yake, ko da abin da ya same shi kaɗan ne.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Saboda haka a Janairu 1961, zamanin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Nijeriya ta kori jakadan Faransa. Faransa kuwa sai a 2010 ta kafa dokar biyan diyya ga waɗanda gwaje-gwajen suka cutar.

Hukuncin bai tsaya kan gwamnatoci ba. Marini mai zuba dagwalo kusa da rijiyar unguwa, shi ma ya shiga ciki. Ikon mutum a gidansa yana ƙarewa ne inda lafiyar maƙwabcinsa ta soma.