Miyar da Ba Ta Hawa Murhu

Duk macen da ta koyi girki a gindin murhun uwarta ta san hukuncin tumatir: ba a yi masa sassauci. A markaɗa shi da attaruhu da tattasai da albasa, a tafasa har ruwan ya tsotse, a soya har mai ya taso ya yi ja a sama. Wata ma sai ta jefa 'yar kanwa don kashe tsami. Miyar da aka ji ɗanyen tumatir a cikinta abin gori ce a gidan miji. Shi ya sa ranar da yara suka matsa sai an yi musu fiza a gida, hannun uwar gida da kansa yake kai wa ga tukunya da man gyaɗa da dunƙulen magi. A ƙarshe sai a sami gurasa da dage-dage a kai. Za a ci, har a nemi ƙari, amma ba ita ba ce.

A Napoli, birnin kudancin Italiya da samarinmu suka fi sani ta ƙwallo, tun daga Maradona har Osimhen, nan ne mahaifar wannan abinci, kuma a can miyar fiza ba ta hawa murhu sam. Tumatir ne aka sale wa fata, aka murje shi da hannu, aka zuba gishiri. Ba albasa, ba soyi, ba sukari. A shafa shi a kan ƙullun da aka faɗaɗa, a sa cuku da ganyen ɗaɗɗoya irin tasu, a zagaya da man zaitun, a tura wuta.

Mai jin wannan a karon farko zai ɗauka ragwanci ne ko rashin iya girki. Amsar tana cikin tanderun. Na Napoli ginin bulo ne mai rufin ƙubba, itace ke ci a gefe guda, zafinsa yakan haura digiri 430 har ya kai 485. Fiza ba ta wuce daƙiƙa 60 zuwa 90 a ciki. A wannan ɗan lokacin wutar tana ƙone ruwan da ke saman tumatirin, ta fito da zaƙinsa, ta bar masa ɗan tsamin da zai karya maiƙon cuku. Da an riga an soya shi, to an dafa shi sau biyu ke nan: ya yi duhu, ya yi nauyi, ya danne ɗanɗanon gurasar. Mai fizar ya san akwai aikin da wuta za ta yi, sai ya janye hannu ya bar mata. Wannan janye hannun shi ya fi wuya ga wanda ya iya girki, domin wanda ya iya kullum yana ganin akwai abin da zai ƙara.

Ƙarancin kayan ba daga gwaninta ya faro ba, daga babu ya faro. Tumatir kansa baƙo ne a Turai. Daga nahiyar Amurka Sifaniyawa suka kawo shi a ƙarni na 16, masanin tsirrai Mattioli ya ambace shi a 1544, kuma an daɗe ana kallonsa da ɗari-ɗari. Sai a shekarun 1690 wani shugaban masu girki a Napoli, Antonio Latini, ya buga littafin da ke ɗauke da tsarin miyar tumatir, ya kuma danganta salon da Sifaniyawa, waɗanda ke mulkin birnin a lokacin. Fiza kuwa abincin 'yan dako ce da masu kwana a titi. Marubucin Faransa Alexandre Dumas, da ya ziyarci birnin a 1835, ya bayyana ta a matsayin abin da talaka ke rayuwa a kai da hunturu. 'Yar jarida Matilde Serao, a littafinta na 1884 kan unguwannin matalauta, ta rubuta yadda ake yanka ta ana sayarwa a kan kwabo. Akwai labarin da kowa ke so, wai a 1889 wani mai fiza, Raffaele Esposito, ya yi wa Sarauniya Margherita mai launin tutar ƙasa, ja da fari da kore, aka raɗa mata sunan sarauniyar. Masu bincike sun nuna shakka a kan wasiƙar da ake kafa hujja da ita, kuma ko labarin ya tabbata, talakawa sun riga sarauniya sanin daɗin tumatir da cuku a kan gurasa.

Abin da babu ta haifar, daga baya doka ta zo ta kare shi. A 1984 masu sana'ar suka kafa ƙungiya a Napoli, suka rubuta ƙa'idoji: ƙullu daga fulawa da ruwa da gishiri da yis kawai, ya kwanta aƙalla awa 8, a faɗaɗa shi da hannu ba da muciyar murji ba, faɗinsa kada ya wuce santimita 35. Tarayyar Turai ta yi wa fizar rajista a 2010, UNESCO ta sanya sana'ar cikin gadon al'adun duniya a 2017. Tumatirin da masu sana'ar suka fi yabo shi ne San Marzano, dogo mai tsoka da ƙarancin 'ya'ya, wanda ake nomawa a ƙasar da ke kusa da dutsen Vesuvius mai aman wuta.

To amma a nan ne mai kwaikwayo take faɗawa rami na biyu. Ta ji an ce ba a dafa miya, sai ta kwarara ɗanyen tumatir mai ruwa a kan ƙullu ta tura cikin obin ɗin gida. Obin ɗin gida da ƙyar yake wuce digiri 250, kuma fiza za ta yi minti takwas ko goma a ciki. Kafin ruwan ya ƙone ya riga ya jiƙa ƙullun, tsakiya ta yi caɓa-caɓa, gefe ya bushe. Ta ɗauko dokar Napoli, ta baro tanderun da aka yi dokar dominsa. Italiyawan da suka yi ƙaura zuwa New York, inda aka buɗe shagon Lombardi's a 1905, ba su tsaya nan ba. Da gwal suka fara gashi, daga baya aka koma gas, wuta ta ragu, lokaci ya ƙaru, sai miyarsu ta ƙara kauri, cukunsu ya zama mai ƙarancin ruwa. Ba wanda ya ci amanar kakanninsa. Wutar ce ta canja, suka bi ta.

Ga mai obin ɗin gida, hanyar a fili take. Da rani, lokacin da kwanduna ke cika Kwanar Gafan daga gonakin Kadawa, a zaɓi dogon tumatir mai tsoka wanda ya nuna sosai. A tsaga fatarsa kaɗan, a tsoma a tafasasshen ruwa rabin minti, a mayar cikin ruwan sanyi, fatar za ta saluɓe da kanta. A cire 'ya'yan, a murje da hannu. Kada a kai inji, kada a sa a na'urar markaɗe: tana farfasa 'ya'yan su kawo ɗaci, ta cusa iska har jan ya koma ruwan lemo. A zuba a rariya ya tsane na rubu'in awa. Gishiri kimanin giram 1 ga kowane giram 100 na tumatir. In damina ce, tumatir ya yi tsada kuma duk ruwa ne, to ba laifi a ɗora shi a wuta kaɗan-kaɗan da cokalin man zaitun da ɗan tafarnuwa na minti goma sha biyar, don ya yi kauri, ba don ya soyu ba. A kula da abu guda: idan littafin girkin Turawa ya ce tumatirin gwangwani, yana nufin ɗungurungum ɗin tumatir da aka sale aka rufe cikin ruwansa, ba jan kwaɓin nan na leda da muke sa wa dafa-duka ba. Sannan a yi rowa wajen shafawa. Ƙa'idar Napoli giram 60 zuwa 80 ce ga margherita guda, wato ƙaramin ludayi ɗaya, har ana hango ƙullu ta wasu wurare.

Wanda ya taɓa haɗa wannan miya da hannunsa ya sami ma'aunin da zai yi masa amfani a duk garin da ya sauka. Ɗalibi ne da ya je karatu, ko ɗan kasuwa, ko ma'aikacin da aka mayar Abuja, in yana son ya san shagon da ya iya, kada ya fara da wadda aka lafta wa kaza da naman sa da masara da tattasai kala uku. Ya nemi mafi sauƙi a takardar: margherita, ko marinara wadda ko cuku babu, tumatir ne da tafarnuwa da ganyen oregano da mai. Mai tsiren da namansa ya kwana shi ya fi kowa yawan barbaɗa yaji. Haka kayan saman fiza suke rufa asirin ƙullun da bai tashi ba da miyar da aka cika wa sukari. A marinara babu inda mai shago zai ɓuya. Gidan fiza na Da Michele a Napoli, wanda ke ƙirga tarihinsa daga 1870, ya shafe shekaru masu yawa yana sayar da waɗannan biyun kacal, kuma layi bai yanke a ƙofarsa ba. Ga Musulmi a ƙasar Turai akwai ƙarin riba: duka biyun ba nama, alhali yankakken naman da aka fi sa wa fiza a can na alade ne. Duk da haka a tambaya ko an sa kitse a ƙullu, don wasu gidajen burodi na Italiya suna sawa. Matambayi ba ya ɓata.

In fizar ta iso, a ɗaga gefe a leƙa ƙasanta. Ana son ɗigo-ɗigon ƙuna nan da can, ba fari fat ba, ba baƙi ƙirin ba. A yage bakin a duba ciki: in akwai ramukan iska manya da ƙanana, ƙullun ya sami lokacinsa; in ya cushe, an yi gaggawa, kuma ciki zai ba da labari da dare. Sai a ɗanɗana miyar ita kaɗai. In ta yi zaƙin alawa, an rufe tsamin tumatirin da bai nuna ba.

Tun kafin a zauna ma akwai abin dubawa. Tanderun yana inda ido ke ganinsa, ko an ɓoye shi? Ana faɗaɗa ƙullu bayan ka yi oda, ko ana ciro shi a shirye daga firiji? Takardar abinci mai shafi shida, da fiza da shawarma da soyayyiyar shinkafa da kifi, ni dai ba ta ba ni ƙwarin gwiwa. Ba a iya komai da komai a kicin ɗaya. Taurarin da ake bayarwa a intanet kuwa sau da yawa baƙi ne irinka suka bayar, waɗanda suka ci sau ɗaya suna jin yunwa, suka yaba kujeru da sanyin ɗaki. Na fi yarda da mai gadin masauki ko direban tasi, amma a iya tambayar. Kada a ce ina ne ya fi kyau, don zai tura ka inda yake ganin ya dace da baƙo mai kuɗi. A ce ina yake saya wa iyalinsa.

Kuma kada a shiga gari da ma'aunin wani gari. Fizar Rum siririya ce mai ƙaras-ƙaras, akwai kuma wadda ake gasawa a dogon faranti, a yanka da almakashi a auna a sikeli. Ta Chicago, wadda aka fara a 1943, mai zurfi ce, cuku a ƙasa, miya a sama, don za ta daɗe a wuta kuma cukun zai ƙone in ba a rufe shi ba. Ta Napoli kanta tsakiyarta laushi ne da ɗan danshi, har baƙo yakan mayar da ita yana cewa ba ta gasu ba, alhali haka ake son ta. 'Yan gari ninke ta suke yi gida huɗu su ci a tsaye.

Kwali kuwa abokin gabarta ne. Fizar da ta gasu cikin daƙiƙa 90 ba ta jure minti 40 a bayan babur. Tururi yana taruwa a ciki, gefen da ya fito da ƙaras ya yi laƙwas, cuku ya daskare ya koma roba. Shaguna da yawa an yanke musu hukunci a kan abin da ɗan aike ya kawo bayan ya sha cunkoson Mararaba. In ana son a san hannun mai shago, sai an taka an je, an zauna kusa da wutar, an ci tun tana ƙona yatsa.