Haƙuri Ne Ko Sakaci?

'Yan uwana mata, musamman na Sabuwa da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Tambayata ta yau ita ce: macen da ƙirji ke yi wa ciwo wata da watanni, in ta miƙe jiri ya ɗebe ta, ta yi shiru don kada ta ɗora wa maigida nauyi, haƙuri ta yi ko sakaci?

Ba zan raina hujjarta ba. Yawancinmu ba mu da inshorar lafiya, kati da gwaji da magani duk daga aljihu ne. Ga kuɗin mota zuwa Funtuwa, ga fargabar hanya. Sai ta lissafa ta ga kuɗin gwaji ɗaya abincin yara ne na kwanaki, ta ce bari dai in daure. Wallahi niyyarta mai kyau ce.

Amma 'yar uwa, haƙuri ana yin sa ne a kan abin da ya fi ƙarfin mutum. Abin da ake iya ganowa a yi maganinsa, in aka zauna a kansa, sunansa sakaci. Jikin nan amana ne, kuma ba ke kaɗai ke da haƙƙi a kansa ba. Yaran da kike tattalin abincinsu, wa zai riƙe su in kin kwanta? Ciwon da aka bari ya tsufa ya fi cin kuɗi nesa ba kusa ba.

Ciwon ƙirji da jiri ba cuta ɗaya ba ce, alama ce. Yana iya zama ƙarancin jini, ko hawan jini, ko olsa, ko ciwon zuciya. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan raunin zuciya ga masu jego a wannan yanki namu, suka kuma danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Don haka mai jegon da ƙafa ta kumbura mata, numfashi na yi mata wuya in ta kwanta, kada a ce mata gajiyar haihuwa ce.

Nan ne haɗarin kemis yake. Wasu ƙwayoyin ciwon jiki suna ƙara wa mai olsa ciwo, ƙarin ruwa kuma da muke ɗauka maganin komai ne yana iya cutar da mai raunin zuciya. Magani ba tare da an san cuta ba, jifa ne cikin duhu.

To ina mafita ga mara hali? Ki fara da asibitin gwamnati mafi kusa da ke. Awon jini da gwajin yawan jini su ne mafi sauƙin kuɗi, kuma suna warware abu da yawa. In awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a sake aunawa wata rana. In da tari da ya wuce sati 2, gwajin tibi da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. In aka ga sai an duba zuciya, ki karɓi takardar turawa zuwa Funtuwa ko Shika. Ki kuma tambaya ko asibitin na cikin shirin kula da marasa ƙarfi, domin dokokin lafiya na 2014 da 2022 sun yi musu tanadi. Tambaya ba bara ba ce.

Amma in ciwon ya danne ƙirji, ya sauka hannu ko muƙamuƙi, ga zufa, ko aka suma, ba a jiran gobe, ko da bashi ne a tafi.

Mu ma da laifinmu. Muna zubin adashi don anko da gara, me zai hana mu ware wani don asibiti? Ki faɗa wa maigida gaskiya cikin ladabi: “Malam, abin nan ya daɗe, ina so a duba ni.” Kula da lafiyarki na cikin haƙƙinki a kansa, amma ba zai san abin da kika ɓoye ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma ya ƙara mana lafiya, amin.