Kyanwar Da Ta Ci Ɗanta: Laifin Wa?

Mai karatu, ko kyanwa ta taɓa haihuwa a gidanka? In kana zaune a ƙasar Arewa, daga Matankari zuwa Dogon Dutsi, ko can kudu wajen Kore Mai Ruwa da Tibiri da Gesheme, da wuya ka ce a'a. Waɗansu su ce kyanwa, waɗansu mage, waɗansu mussa, dabbar dai ɗaya ce. Ka tashi da safe, sai ga yaro a guje, ya ce, "Baba, mussa ta haihu a ƙarƙashin rumbu!" A leƙa, a ga 'ya'ya biyar. Bayan kwana biyu a sake leƙawa, sai a ga huɗu. Nan da nan a yanke hukunci. Uwargida ta ce, "Muguwa ce, ta cinye ɗanta." Wani ya ce ai kyanwa ba ta da amana tun asali. Wata tsohuwa kuma ta kawo zancen maita. Sai a bi ta da sanda, ko kuwa a kwashe sauran 'ya'yan a zubar a bayan gari.

Bari mu sake zaman wannan shari'a, gama an yanke ta ba a ji ta bakin wadda a ke ƙara ba. Tun da shi ke ba ta iya magana, sai mu duba aikinta.

Kyanwa ta kan ɗauki ciki kwana 63 zuwa 65, watau wajen sati tara. Sa'ad da kwanakinta suka kusa, za ka ga ba ta da sukuni. Ta shiga ɗaki ta fito, ta leƙa bayan randa, ta sunsuni kwandon tsummoki. Wurin ɓuya ta ke nema, mai duhu, busasshe, inda ba ƙafar mutum. Ba ta da ungozoma. Kowane ɗa ya kan fito cikin 'yar jaka. Ita za ta yage jakar, ta lashe hancinsa da bakinsa har ya ja numfashi, ta datse cibiya da haƙoranta, sa'an nan ta cinye mabiyiya. Ka lura da wannan. Mutane da yawa da suka rantse sun ga kyanwa tana cin ɗanta, mabiyiya suka ga tana ci.

Ɗan kyanwa ya kan zo duniya da nauyin giram 100 ko kusa da haka, kamar ƙwan kaza biyu. Makaho ne, kurma ne kuma. Idonsa ba ya buɗewa sai bayan kwana bakwai zuwa goma. Jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi da kansa har wajen sati uku, saboda haka sanyin dare ɗaya na watan Janairu ya isa ya kashe shi in uwar ba ta kwance kusa. Ga kuma abin da mutane kaɗan ne suka sani: ko fitsari da kashi ba ya iya yi sai uwar ta lashe masa ciki da gindi. Ta lashe, ta kuma haɗiye abin da ya fito, domin kada wari ya nuna wa kare ko muzuru inda su ke. A kwanakin farko da ƙyar ta ke fita ko shan ruwa. Nonon farko da su ke sha, watau dakashi, shi ne rigakafinsu daga cututtuka, amma sai sun same shi a yinin farko ya ke amfani sosai. (A nan dabbar ta fi waɗansunmu dabara. Har yanzu akwai gidajen da a ke tatse dakashin mace a zubar, alhali likitoci suna cewa a sa jariri a nono tun cikin sa'ar farko.)

To, wadda ta yi wannan wahala duka, me zai sa ɗa ɗaya ya ɓace a hannunta?

Sau da yawa ba ta cinye shi ba, ƙaura ta ke yi. In an dame ta da leƙe, sai ta kama ɗa ta fatar ƙeya, shi kuwa ya naɗe ƙafafu ya yi lamo, ta kai shi wani wuri, ta komo ta ɗauki na biyu. Kai da ka zo tsakiyar ƙaura sai ka ƙirga huɗu. Wani lokaci kuma kare ne ya ɗauke shi, ko baƙon muzuru, ko maciji.

Amma kada in ɓoye maka, ya kan faru ta ci. In an haifi ɗan a mace, ko ya mutu da dare, ta kan cinye gawar domin kada ta ruɓe a cikin sauran. In ta ga ɗaya ya raunana ƙwarai, ta kan ture shi gefe ta bar nono ga masu ƙarfi. In ita kanta yarinya ce, haihuwar fari, aka kuma firgita ta, ta kan rikice. In yunwa ta kai mata wuya, nono ya ƙafe, nan ma abin ya kan auku. Duba waɗannan dalilai da kyau. Mutuwa da rauni ba su hannunka. Amma tsoro da yunwa fa? Wa ya bar yara su yini suna ciro 'ya'yan suna wasa da su? Wa ya ga ta rame har haƙarƙarinta sun fito, bai ajiye mata ko ruwa a kasko ba?

Ga inda maganar ta ke da nauyi. Kafin a kira wani mugu, sai ya zama ya san abin da ya ke yi cuta ne, yana da hanyar bari, ya kuwa zaɓi ya yi. Mutumin da ya tauye mudu a kasuwa ya sani, yana iya cikawa, ya ƙi. Wannan ita ce mugunta. Kyanwa ba ta zauna ta auna ba. Abin da Mahalicci ya sa a jikinta shi ta ke bi, kamar yadda ruwa ke bin gangare zuwa Dallol Mawri. Ba ka ce wa ruwa mugu domin ya ci gonarka. Haka nan ba na cewa ta cancanci lada domin ta kwana tana lasar 'ya'yanta, ko da shi ke abin yana da ban sha'awa, ya kuma isa ya ba waɗansu iyaye kunya. A cikin gidan nan duka, masu sani da zaɓi su ne mutane. In akwai wanda za a tambaya, kai ne, maigida.

Watakila ka ce, "Ni ban kira ta ba. Ita ta kawo kanta." Gaskiya ne. Amma me ya sa ba ka kore ta ba tun farko? Domin rumbu. Ka yi noma damina guda, ka ɗaure dammunan hatsi, ka zuba wake da gyaɗa, ɓera kuwa yana jiranka. Irin kusun nan na gida da gona, macen tana da nonna da yawa ƙwarai, cikinta sati uku ne da 'yan kwanaki, ta kan kuma haifi goma ko fiye a ciki guda. Yi lissafi da kanka daga kaka zuwa bazara. Ba na cewa kyanwa tana ƙare ɓeraye sarai, babbar gafiya ma sau da yawa ba ta tunkararta. Duk da haka kowa ya san bambancin gidan da ke da mage mai kwanciyar ɗaukar rai da gidan da babu.

Wannan zama ba yau aka fara shi ba. Kakar kyanwar gida ita ce kyanwar daji ta Afirka, wadda har yanzu akwai ta a dazuzzukan Sahel. Sa'ad da mutane suka fara tara hatsi, ɓera ya bi hatsi, kyanwa ta bi ɓera. A shekara ta 2004 masu tonon kayan tarihi suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Kubrus, mai shekara wajen 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa dab da shi. Mutanen Masar na dā kuma har zanenta suka yi a bangayen kaburburansu. Ashe tun zamanin nan ta ke gadi ba albashi. In ka sa mutum gadin rumbunka shekara guda, matarsa ta haihu, ka ƙi ko barka, me garinku za su ce da kai?

Wani kuma zai ce, "Malam, 'ya'yana ma ba su ƙoshi ba, ina zancen kyanwa?" Ban raina wannan magana ba. Dattawan Arewa sun ga yunwar 1973 da 1974, sun ga ta 1984, matasa ma sun ga ƙuncin 2005. In abinci ya rage loma guda, na yaro ne, ba gardama. Amma yawancin abin da ta ke bukata ba ya fitowa daga bakin 'ya'yanka. Na farko a rabu da ita, wannan kuwa kyauta ne. A ba ta kwando ko tsohuwar ƙwarya babba da tsumma a ciki, a lungun da iskar hunturu ba ta bugawa. In da bazara ne, sa'ad da zafi ke wuce awo 40, a tabbata rana ba ta kaiwa wurin. A ajiye ruwa kusa. Mai shayarwa tana bukatar abinci ninki biyu ko uku na wanda ta saba, ita kuwa maciyar nama ce, tuwo zalla ba ya riƙe ta. Kan busasshen kifi, hanjin kaza da aka dafa, fara, ɗan guntun ƙwai, duk suna taimako. A guji ba ta miya mai albasa ko tafarnuwa da yawa, gama suna ɓata jinin kyanwa. In ka ga ƙuma a jikin 'ya'yan, kada ka kuskura ka shafa musu maganin ƙwari na feshin wake. Yana kashe su, har da uwar. Canja tsumman ka shanya shi a rana.

Game da yara, ga abin da za ka gaya musu. A kan ce in mutum ya taɓa ɗan kyanwa uwar za ta ƙi shi saboda warin hannu. Yawanci ba haka ba ne, musamman kyanwar da ta saba da mutanen gidan. Yawan damu ne ke sa ta ƙaura. Sati biyun farko su duba da ido kawai, daga nesa, sau ɗaya a yini. Daga sati na biyu zuwa na bakwai kuwa yana da kyau su riƙa ɗaukarsu a hankali, 'yan mintoci, a gaban uwar, gama a wannan tsakani ne ɗan kyanwa ke koyon sabo da mutum. Wanda ba a taɓa ba a lokacin nan ya kan tashi da tsoro da yakushi. Yaron da ya koyi jira sati biyu alhali hannunsa yana ƙaiƙayi, ya koyi abin da zai amfane shi ran da aka haifa masa ƙane. Su wanke hannu bayan sun taɓa. Mace mai ciki kada ta kwashe kashin kyanwa, domin akwai wata ƙwayar cuta a ciki da kan cuci ɗan da ke cikinta. In kuma baƙuwar kyanwa ta ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi likita a ranar, gama ciwon haukan kare yana kama kyanwa ma.

In uwar ta mutu fa, ko ta ci ɓeran da aka sa wa guba? Nemi wata mai shayarwa a maƙwabta, gama kyanwa ta kan karɓi ɗan wata. In babu, sai ka san aikin babba ne. A ɗumama ɗan a jikin mutum tukuna, ba a ba mai sanyin jiki abinci. Madarar saniya tana sa su zawo. In ba wata hanya, a dafa ta akuya ta huce, a kaɗa ɗan gwaiduwar ƙwai, a ɗiga masa kaɗan kaɗan yana kwance a kan cikinsa, bayan kowane awa biyu ko uku, har da dare. Bayan kowane ci a shafa masa gindi da tsumma mai ɗumi. Ko an yi duk wannan, da yawa ba su rayuwa. Wanda ya gwada kwana uku ba zai ƙara ce wa uwar muguwa ba.

Saura magana mai wuya, ba ni kuwa da amsa mai daɗi. Kyanwa tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, 'yarta kuma tana iya ɗaukar ciki tun tana da wata biyar ko shida. Likitocin dabbobi suna da aikin da su ke yi a tsai da haihuwar, amma mutumin ƙauye da ƙyar ya kai gare shi. Gida ɗaya ba ya riƙe goma. To, me za a yi? Abin da mutane suka saba shi ne a aiki yaro ya kai su bayan gari, sa'an nan a ce, "Ai ban kashe su ba, Allah ya ci da su." Ɗan'uwa, wannan ruɗin kai ne. Makahon da ba ya iya ko fitsari da kansa, ka ajiye shi a kan yashi, ka riga ka kashe shi, sai dai ka bar wa rana da cinnaku da shirwa su ƙarasa. Ka kuma sa ɗanka ya yi da hannunsa abin da kai ba ka so ka gani. Uwar kuwa za ta kwana tana kewaya gida tana kira, nononta ya kumbura, ba da daɗewa ba kuma ta sake ɗaukar wani cikin. Ba ka rage komai ba.

Kana da sati tara na ciki da sati takwas na shayarwa. Watanni huɗu ke nan na neman masu so. Tambayi maƙwabcinka da ɓera ya dama, da mai shagon hatsi, da dangin da ke zaune a tunga, ka kuma faɗa a kasuwa ran da ta ci. Kada ka raba su da uwar kafin sati takwas. Tun suna da wata guda ta kan fara kawo musu mataccen ɓera, daga baya ta kawo mai rai ta sake shi a gabansu, ta koma gefe tana kallo. Wanda aka cire kafin ya gama wannan makaranta ya kan zama kyanwar Lami a bakin rumbu.

Ran da za a kai shi sabon gida, a sa shi a kwando a rufe, tare da guntun tsumman da ya kwana a kai. A ce wa mai karɓa ya tsare shi a ɗaki kwana uku ko huɗu da ruwa da kaskon yashi, kafin a buɗe masa ƙofa.