Gurgu da Hanyar Dogon Ruwa

'Yan'uwa, akwai tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba: shin naƙasasshe yana da rabo a cikin shan iska da kallon abubuwan ban sha'awa, ko kuwa abinci da sutura ne iyakar abin da ya cancanta daga gare mu? Hannunmu ba ya nauyi wajen ba shi sadaka. Amma in matasa suka shirya yawon buɗe ido bayan Kirsimeti ko Ista, da wuya a rubuta sunansa. Akan ce kekensa ba zai shiga mota ba, shi ke nan an rufe magana.

Mu ɗauki gandun dajin Kamuku da ke ƙasar Birnin Gwari. Tun 1936 aka keɓe shi, a 1999 kuma ya zama gandun daji na ƙasa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100. A cikinsa ne ake da Dogon Ruwa mai zubowa daga kan duwatsu, da Goron Dutse, da Tsaunin Rema. Shekarun 'yan bindiga sun raba masu ziyara da wannan daji. Mai ƙafa da marar ƙafa duka suka koma kallonsa daga nesa. Ashe mun ɗanɗana abin da gurgu ya daɗe yana sha, wato a ce wuri naka ne amma ba ka da ikon isa gare shi. Kada mu manta kuma, waɗannan shekarun sun ƙara mana yawan masu dogara sanda.

Wani zai ce ai daji ba asibiti ba ne, ba a shimfiɗa wa dutse siminti. Gaskiya ne, ba kuma wanda ya ce a sassaƙe Goron Dutse. Sai dai mu rarrabe tsakanin abin da muka tarar da abin da muka gina. Tsauni mun tarar da shi. Matakalar ofis, da ƙunƙuntar ƙofar makewayi, da motar da ba ta da wurin keke, waɗannan aikin hannunmu ne, kuma yawanci su ne ke mayar da mutum gida tun bai hangi tsaunin ba. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara. Wa'adin ya cika a 2024. Kowa ya duba matakalar da yake hawa ran Lahadi.

Akwai kuma masu kyakkyawar zuciya da ke cewa, "Ai sai mu ɗauke shi." Madalla da su. Amma dattijon da aka saɓa a kafaɗa kamar buhun masara, jama'a na kallo, ba lalle ya so sake zuwa ba. Keken nan ƙafarsa ce, ba a tura shi ba da izini ba, kamar yadda ba a fizge sandar makaho don a nuna masa hanya.

A ƙarshen 2024 an yi sulhu har kasuwar shanu ta Birnin Gwari ta sake ci. Duk ran da aka zauna shirin gyara hanyoyin Kamuku domin baƙi, a kira masu kekunan guragu su gwada gangaren da kansu kafin birkila ya kwashe kayansa.