Harbi a Wutsiya Bai Fi Kuskure Ba

Hausawa na cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure. Wannan magana tana da amfani a kasuwa, tana kuma da amfani a ɗakin jarrabawa, inda maki 40 ya fi sifiri nesa ba kusa ba. Amma a inda aka haife ta, wato dajin farauta, ni ban yarda da ita ba, kuma dalilin rashin yardata shi ne abin da nake so mu tattauna da mai karatu. Zan bi ta wata hanya da za a ga kamar ta yi zagaye, wato ta kan tsofaffin maharban Amurka da bindigoginsu, amma in an yi haƙuri za a ga inda na dosa.

A can ƙasar akwai al'adar mutum ya je wurin maƙerin bindiga ya ce a ƙera masa tasa ta kansa, daidai tsawon hannunsa da faɗin kafaɗarsa, kamar yadda mu muke kai yadi wurin tela. Ɗauki mutumin da ya shekara 40 yana hawa duwatsun jihar Colorado, waɗanda da dama sun wuce mita 3,000, yana bin wata babbar barewa da suke kira elk, mai girman gwanki. Da ƙuruciya bindiga mai kilo 4, haɗe da madubin hangenta, ba ta dame shi ba. Da ya doshi shekara 70 sai kowane kilo ya zama biyu a kan hawa. To, ga magani ya samu. A shekarar 1985 wani maƙeri a jihar West Virginia, Melvin Forbes, ya kafa kamfanin Ultra Light Arms, ya rage ƙarfen da ba a bukata, ya yi ƙotar bindiga da wani irin zare mai ƙarfi maimakon itace, har bindigar farautar manyan dabbobi ta dawo kilo 2 da ɗan wani abu. Wasu maƙera suka bi sahu. Dattijo ya ji labari, ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama.

Sai dai bindiga harbi biyu take yi, ɗaya gaba ɗaya baya. Harshenmu ya riga ya gane haka, tunda kalmar da muke wa bindiga ita muke wa jaki in ya kai ƙafa. Tun 1687 Isaac Newton ya bayyana cewa duk abin da ya tura wani, shi ma ana tura shi daidai haka. Albarushi ya tura harsashi gaba, ya tura bindiga baya, kafaɗa ce ke tarewa. Abin da ke rage wannan shurin kuwa shi ne nauyin bindigar kanta: in aka rage rabin nauyinta, harsashi bai sauya ba, ƙarfin shurin zai ninka. Harsashin nan da Amurkawa suka fi sabawa da shi, .30-06, wanda sojansu suka fara amfani da shi a 1906, in aka harba shi a bindiga mai kilo 2 da rabi maimakon mai kilo 3 da rabi, shurin zai ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100. Wato nauyin da dattijo ya sauke daga ƙafafunsa bai ɓace ba, ya koma kafaɗa ne. Kafaɗar kuwa ba ta jiya ba ce: tsoka ta zube, jijiyoyi sun bushe, ƙashi ya yi sanyi.

Da a ce kafaɗarsa kaɗai abin ya shafa, da ban ɗauki alƙalami ba, don kowa yana da ikon wahalar da jikinsa a kan abin da yake so. Matsalar ita ce jiki yana da wayo, kuma ba ya shawara da mai shi. Mutumin da bindiga ta nausa sau goma, a na goma sha ɗaya jikinsa zai riga ta. Kafin ya gama jan kunama ido ya runtse, kafaɗa ta zabura gaba don ta tare dukan da bai iso ba, bakin bindiga ya sunkuya. Shi bai sani ba, domin ƙara da shuri sun rufe komai. In ka tambaye shi zai rantse bai motsa ba, kuma ba ƙarya yake yi ba. Ga shi kuma bindiga marar nauyi ta fi saurin rawa a hannu, numfashi kaɗan ya ishe ta.

Bari mu yi ɗan lissafi, 'yan sashen kimiyya su duba mini. Tsawon bindiga kamar mita 1 ne. In bakinta ya goce da milimita 1 kacal, kaurin farce ke nan, a nisan mita 200 harsashi ya goce da santimita 20. Gurbin zuciya da huhun barewa, inda in an samu take faɗuwa nan da nan, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba. Saboda haka milimita 1 shi ne tsakanin ƙirji da ciki. Dabbar da aka harba a ciki ba ta faɗuwa. Gudu take yi, ta shige kurmi, ta kwanta, ta kwana ko ta yi kwanaki tana mutuwa, sau da yawa ba a ma samun gawarta, nama ya tafi ga ungulu. Wanda ya kuskure gaba ɗaya ya yi asarar harsashi. Wanda ya samu wutsiya, ko cinya, ko muƙamuƙi, ya bar rai yana shan azabar da ba ta amfani kowa ba. Mu da aka koya mana tun muna yara a wasa wuƙa kafin yanka, kada a wahalar da dabba, bai kamata wannan ya zama mana baƙon zance ba.

To, ina mafita? Maƙera suna da dabaru. Ana sa roba mai laushi a gindin ƙota, tana taimakawa, amma kaɗan. Ana kuma ɗaura wani ƙarfe mai huji-huji a bakin bindiga, ya karkatar da hayaƙin albarushi gefe, shuri ya ragu sosai. Wannan dabara ce ta fi ɗaure mini kai ta fuskar ɗabi'a. Ƙarar bindiga dama ta wuce ma'aunin desibel 140, wanda ya isa ya lalata ji, ƙarfen nan kuwa yana watso ƙarar baya da gefe, inda ɗan rakiya yake tsaye, ko jikan da aka zo koya wa farauta, ko kare. Dattijo ya huta, wani ya kurumce. Ana iya toshe kunne, gaskiya ne, amma an dai ɗora wa wani ɗawainiyar da bai nema ba.

Mafitar da ta rage ita ce wadda girman kai ya fi ƙi, wato a rage harsashi. Harsashin .243 Winchester, wanda ya fito a 1955, shurinsa bai kai rabin na .30-06 ba, kuma yana kashe barewa sarai in an sa shi inda ya dace. Amma mai shi dole ya haƙura da manyan dabbobi, ya haƙura da harbin nesa, ya iya kallon nama mai kyau yana wucewa bai ɗaga bindiga ba don kusurwar ba ta yi ba. Masu wannan ra'ayi suna yawan kafa hujja da W. D. M. Bell, mutumin Scotland da ake wa laƙabi da Karamojo saboda yankin Karamoja na Yuganda, wanda ya kashe giwaye fiye da 1,000 a farkon ƙarni na 20, akasarinsu da ƙaramin harsashi mai milimita 7. Ba yabon kisan giwaye don haure nake yi ba, Allah ya kiyaye. Abin lura shi ne ya tsaga ƙoƙon kan giwa ya koyi inda ƙwaƙwalwa take, sannan yana matsawa kusa ƙwarai kafin ya yi harbi. Abin da ya rage a albarushi ya biya shi da ilimi da kuma kasada da ransa.

Maharbanmu ba su jira Bell ba. Mai bindigar toka da hannunsa yake auna albarushi ya ɗura ta baki, ya kuma san wanda ya cika mata ciki don neman nisa yana iya rasa yatsu in ta fashe. Shi ya sa gwaninta a wurinsu ita ce kusanta: a ɗaura kan burtu a goshi a yi ta rarrafe, ko a yi kwanton ɓauna a bakin mashaya tun asuba. Rarrafe na masu gwiwa ne, amma zaman jira tsoho ya fi yaro iyawa.

Na san wani zai ce duk wannan dogon zance na me, tsoho ya ajiye bindiga mana, ya zauna a ƙofar gida. Ban goyi bayan wannan ba. Mutumin da daji ya zama rabin rayuwarsa, in ka raba shi da shi don kawai ya yi furfura, ka binne shi da ransa, alhali kuwa akwai ɗan shekara 75 da hannunsa ya fi na ɗan shekara 25 natsuwa. Shekaru ba su ne ma'auni ba. Wani kuma zai ce ai dabbar mutuwa za ta yi ko ta yaya, in ba harsashi ba kura. Haka ne, amma kura ba ta da zaɓi, ba a kuma tambayarta. Maharbi ya san nisan, ya san hannunsa, ya zaɓi ya ja kunama, kuma yawanci ba mai ganinsa. Abin da na tsaya a kai shi ne tsufa bashi ne da dole a biya, kuma bai halatta mai shi ya tura takardar ga kunnen jikansa ko cikin barewa ba, muddin yana iya biya daga burinsa.

Wahalar ita ce ta yaya zai sani, tunda mun ce jiki yana ɓoye masa. Masu koyar da harbi suna da wani gwaji mai sauƙi. A wurin atisaye abokinsa ne zai riƙa ɗura masa bindiga a bayan idonsa, wani lokaci da harsashi na gaske, wani lokaci da na bogi wanda ba ya tashi. In ya ja kunama a kan na bogi, ba ƙara ba shuri, duk wanda ke wurin zai ga ko bakin bindiga ya sunkuya. Gwajin ba ya cin kuɗi, amma yana bukatar mutum biyu: wanda ya yarda a gwada shi, da wanda zai faɗi abin da ya gani. Na biyun nan yawanci ɗa ne ko almajiri, wanda dattijon ne da kansa ya koya masa riƙon bindiga. A Amurka ma ba abu ne mai sauƙi ba, balle a nan inda yaro ba ya haɗa ido da mahaifinsa, kuma in ya ga bakin bindigar ya sunkuya, abin da aka tarbiyyantar da shi ya ce shi ne, "Baba, iska ce."